Ruwan da Baba Yake Nufi

A gidansu Uwar Tsari ake ce mata, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Tun tana firamare take jera takalman ƙannenta daga babba zuwa ƙarami, ta rubuta wa kowa ranar wankinsa a bayan ƙofa. Yanzu ta girma, ta yi aure, ta buɗe kantin magani nata na kanta, amma halin yana nan daram. Idan ta ce maka za ta zo ƙarfe huɗu, huɗu saura biyar za ka ji tsayuwar motarta a ƙofar gida, sannan ta zauna a ciki tana kallon agogo har huɗun ta cika.

To, irin wannan matar likitan ido ya tsayar a ofishinsa, bayan Umma da Baba sun fita, ya gaya mata cewa idon mahaifinta tafiya yake yi. Babu aikin da zai dawo da shi, maganin ɗigawa kuma iyakarsa ya rage masa sauri. Ta tambaye shi saura wata nawa. Ya ce shi ba ya son yanka lokaci. Ta ce ita kuwa ba ta iya komai ba sai da lokaci. Da ta matsa masa lamba, bawan Allah ya ce wataƙila shekara guda, wataƙila ƙasa da haka, Allah ne masani. Duk cikin maganar nan "shekara guda" kaɗai ta ɗauka, ita ta rubuta a ɗan littafinta ta ja layi biyu a ƙasa.

Ta sauke iyayen a gida, ta sha kwana, ta tsaya a gindin wata bishiya ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka mai isarta. Da ta share fuska sai ta yanke shawara: kafin idon nan ya rufe, Baba zai ga teku.

Ba haka kawai tunanin ya faɗo mata ba. Shekara talatin da biyar Baba ya yi a ofishin lura da yanayi yana auna ruwan sama, har abokan aikinsa suka manta sunansa suka koma ce masa Ma'auni. Da ya yi ritaya ma bai saki ba. Ya kafa nasa ma'aunin a tsakar gida, wani dogon gwangwani mai mazurari a baki, kullum ƙarfe bakwai na safe ya juye abin da ya taru a cikin kwalba mai zane-zane, ya karanta, ya rubuta. Ranar da ba a yi ruwa ba ya rubuta sifili, yana ɗaure fuska kamar mai sa hannu a takardar gwamnati. Suna yara yakan tara su a kicin ya ɗora buta a wuta, ya kara murfin tukunya a kan tururin har ya fara ɗiga, ya ce, "Kun gani? Butar nan ita ce teku. Duk ɗigon da kuka ji a kan kwanon gidan nan, daga can ya taso." Umma kuma ta ce a tashi a ba ta wuri, tana da girki. Amma mutumin nan bai taɓa ganin tekun ba, ko daga nesa. Sau ɗaya ta ji ya ce, "Da zan ga ruwan nan a inda yake, da na more." Uwar Tsari ba ta mantuwa. Maganar ta fi shekara ashirin a ajiye a wurinta.

Ofishin shirya tafiye-tafiyen yana hawa na biyu, saman wani shagon labule. Ga sanyin na'ura, ga agoguna huɗu a bango kowanne da nasa lokacin, ga mai ofishin a bayan teburin gilashi, wata 'yar gayu mai dogayen farce da zaƙin baki.

"Hajiya, in dai teku ake so a gani, ba a yi kamar tsibirin nan ba," in ji ta, tana buɗe mata littafin talla mai sheƙi. "Duba nan. Ɗakunan a kan ruwa aka kafa su. Tsakiyar ɗakin gilashi ne, kina kwance kina kallon kifi yana wucewa. Kowane ɗaki da barandarsa, da matakalar da za ki sauka cikin ruwa. Mai kula da ku daban, mai dafa muku abinci daban. Ko tsinke ba za ku ɗaga ba."

Uwar Tsari ta dubi hotunan. Shuɗi a sama, shuɗi a ƙasa, farin yashi a tsakani, bishiyar kwakwa ta sunkuyo. Ta ji zuciyarta ta yi sanyi.

"Sai maganar lokaci," mai ofishin ta ci gaba. "Lokaci biyu gare su. Mai kyawun yana farawa nan da wata biyar. Rana tarwai, ko ɗigon gajimare babu, teku a kwance luf. Duk hotunan nan a lokacin aka ɗauke su. Kuɗin ninki biyu ne, amma manyan mutane lokacin suke zuwa."

"Ɗayan fa?"

Ta yatsina fuska. "Shi ake ciki yanzu, har nan da wata huɗu. Ruwa, hadari, iska. Rabin kuɗi ne. Masu ƙaramin ƙarfi ne suke lallaɓawa su je, su ma don dai a ce sun je."

Kalmar nan ta ƙaramin ƙarfi ta soki Uwar Tsari. Ta yi lissafinta nan take: shekara guda, a cire wata biyar, saura bakwai. Akwai lokaci. Kuma mai raunin ido ai haske yake bukata. Wa zai kwashi tsoho ya kai shi wata uwa duniya don ya kalli duhun hadari? Ta ce a riƙe mata ɗaki biyu a makon da ya fi kowane mako rana. Mai ofishin ta ce za ta riƙe har ranar Alhamis da azahar, daga nan sai a kawo fasfo a kammala.

Ranar Asabar da yamma ta je gida da littafin tallar a jaka. Baba yana falo a kujerarsa ta kullum, labule a sake, Umma tana gefe tana gyara maɓallin wata riga. Uwar Tsari ta gaishe su, ta durƙusa ta ɗora masa littafin a cinya, ta zayyana komai tiryan-tiryan: jirgi, ƙaramin jirgin ruwa, ɗaki a kan teku, kifi a ƙarƙashin gado. Umma ta saki allura ta riƙe haɓa tana salati. Baba yana shafa takardun yana juya su ɗaya bayan ɗaya, murmushi har kunne.

"Uwata, Allah ya yi miki albarka," ya ce. Haka yake kiranta tun tana zanen goyo. "Yaushe ake ruwa a can?"

"Kada ka damu, Baba, na kauce masa gaba ɗaya. Makon da na zaɓa ko yayyafi ba a yi."

"Na ji. Yaushe ake yi?"

"Yanzu ma ana yi, wai har nan da wata huɗu. Mu sai nan da wata biyar za mu tafi."

Ya rufe littafin a hankali. "To me zai hana mu tafi yanzu?"

Nan take ranta ya ɓaci, don ta san mahaifinta. Mutum ne da silifas ɗinsa sai ya sha ɗinki uku kafin ya yarda ya mutu. Mutum ne da yake bin ɗakuna yana kashe fitila mutane na zaune a ciki. Kuma a shafin ƙarshe na littafin nan akwai jadawalin farashi.

"Baba, farashin ka gani ko?"

"Wane farashi?"

"Haba Baba! Na san ka fa. Ka ga rabin kuɗi, shi ke nan hankalinka ya tafi can. Ni na ce maka ba ni da shi ne?"

"Ni dai ruwa nake so in gani, Uwata."

"To ai ruwan za ka gani! Ɗakinka ma a kansa yake. Gabas ruwa, yamma ruwa, ƙarƙashin gadonka ruwa. Sai ka gaji da ruwa."

Umma ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗan ɗaga mata hannu, ta mayar da bakinta ta rufe.

Ita kuwa Uwar Tsari ta riga ta hau. Ta ce shekara da shekaru yana hana kansa don su, takalmi ɗaya, agogo ɗaya, keke ɗaya har ya tsufa. Ta ce sau ɗaya tak a rayuwa ya bari a yi masa abu mai kyau, na manyan mutane, ba ragowar da aka bar wa masu ƙaramin ƙarfi ba. Ta ce ita ba za ta kai ubanta tsibiri ya zauna a ɗaki yana jin ƙarar ruwa a rufi ba, wannan ai yana da shi a gida kyauta.

Baba ya saurare ta har ta kai aya. Ya miƙa mata littafin da hannu biyu.

"Yadda kika tsara, Uwata. Allah ya kai mu."

Ta yi nasara ke nan, amma har ta isa gida nasarar ba ta yi mata daɗi ba. Mijinta ya tambaye ta yaya aka yi, ta ce lafiya lau, ta shige ɗaki ta hau goge rigunan da an riga an goge.

Ranar Alhamis da asuba aka yi ruwa, ya ɗauke kafin gari ya waye sosai. Uwar Tsari ta biya gidan iyayen kafin ta buɗe kanti, don ta karɓi fasfo. Bakwai saura biyar ta isa. Yau dai ba ta zauna a mota ba, ta tura ƙofa ta shiga, sai ta tsaya cak a bakin tsakar gida.

Baba yana tsaye a wurin ma'auninsa. Ya zare mazurarin, ya juye ruwan a kwalba ba tare da ɗigo ya zuba ba, hannu ya saba. Ya ɗaga kwalbar daidai ido, amma ba nasa idon ba. Umma ce a gabansa da tabarau a kan hanci, littafin rubutun a hammata.

"Sha biyu," in ji Umma.

"Daga ina kika karanta?"

"Daga inda ruwan ya tsaya mana."

"Sau nawa zan gaya miki? Saman ruwan a lanƙwashe yake. Ƙasan lanƙwasar ake dubawa, ba gefen da ya hau kwalba ba."

"Kai Malam, ni da ban ci albashinsu ba! To, sha ɗaya da ɗigo shida."

"Yanzu kika yi magana. Rubuta."

Uwar Tsari ta yi sallama. Dukansu biyu suka yi firgigit kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya. Baba ya amsa, ya ce bari ya shiga ya nemo fasfo ɗin, ya nufi ɗaki yana shafa bango da yatsu biyu. Ita kuwa ta zare littafin daga hammatar Umma ta buɗe. Ta san rubutun mahaifinta, ƙanana, a miƙe, kowace lamba a cikin gidanta. Ta yi ta juya shafi baya tana nemansa. Sai da ta wuce mako bakwai na manyan lambobin Umma masu kwanciya gefe guda kafin ta same shi, shi ma na ƙarshen ya hau layi ya sauka.

Mako bakwai. Tun kafin su je wurin likita ke nan. Mutumin da ba ya ganin zanen kwalbar da ya yi shekara arba'in yana karantawa, ta yaya zai ga jadawalin farashi da aka buga da 'yan mitsi-mitsin lambobi a bayan littafi?

Umma ta ja ta kicin ta tura ƙofa.

"Ya hana ni gaya miki," ta ce ƙasa-ƙasa. "Abin yana gudu fiye da yadda likita ya ce. Wata biyar ɗin nan naki, ni dai ban sani ba."

"Umma, me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Ya ce tun ranar asibiti ya ji kuka a muryarki, ba zai ƙara miki wani ba. Kuma ya ce kin riga kin tsara. Ke wa yake iya tare ki in kin tsara?"

Uwar Tsari ta jingina da firji.

"Sannan ranar nan da kike ta yabo," Umma ta ci gaba, "ita ce babbar abokiyar gabarsa. In rana ta take, fari fat yake gani, komai ya wanke. Ba ki lura labulen falo kullum a sake yake ba? Sai in gari ya lumshe yake samun ido. Shekaranjiya da hadari ya haɗo, ya ƙura min ido ya ce wai yaushe na yi furfura a gira. Na ce tun shekara biyar, sai yau ka ga dama."

Uwar Tsari ta so ta yi dariya, ta fasa.

"Amma ai shi ya ce ruwa yake so ya gani. Teku ba ruwa ba ne?"

Umma ta dube ta sama da ƙasa. "Ke 'yar gidan nan ce kuwa? Yaushe kika taɓa jin ubanki ya ce ruwa yana nufin wani abu ban da na sama? Na famfo, na famfo yake ce masa. Na sha, na sha. In ya ce ruwa kawai, to guda ɗaya ne a duniya. So yake ya ga inda yake tasowa, ya ga yana sauka a kan tekun. Tun ina amarya yake min wannan waƙar."

Sai a lokacin butar ta dawo mata, da murfin tukunya, da tururi. Shekara ashirin tana riƙe da maganar mahaifinta kalma bayan kalma, ashe ba ta taɓa jin ta ba. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

Baba ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin. "Gulmar wa ake yi? Ga fasfo."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta so ta ba shi haƙuri. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, kana da rigar ruwa?"

Ya ce, "Guda biyu. Ɗaya ma ba ta yoyo."

Ƙarfe tara tana gaban teburin gilashi.

"A soke wancan makon," ta ce. "Wane mako ne aka fi tafka ruwa a tsibirin?"

Mai ofishin ta ɗaga kai daga kwamfuta. "Don a kauce masa?"

"Don a je."

"Hajiya, in maganar kuɗi ce, akwai yadda za mu yi, ba sai kin..."

"Ba maganar kuɗi ba ce. Ki ba ni ɗakin da ya fi kowanne tsada, amma a tsakiyar ruwa. Kuma ki tambaye su ta wace kusurwa hadari yake taso musu, barandar ta fuskanci can."

'Yar gayun nan ta ce shekararta tara a wannan aiki, ba a taɓa yi mata irin wannan tambayar ba. Ta buga waya, ta yi bayani sau uku kafin na can ya yarda ba wasa ake yi ba. Aka samo mako, nan da kwana ashirin. Tana buga takardun tana satar kallon Uwar Tsari, a ranta tana cewa masu kuɗi dai kowa da kalar tasa.

Kwana ashirin ɗin a guje suka wuce. Uwar Tsari ta bar kanti a hannun abokiyar aikinta, ta haɗa jakunkuna uku, kowace da takardar abin da ke ciki a manne. Suka hau babban jirgi, suka sauka suka hau ƙarami, suka ƙarasa a jirgin ruwa, Umma ta ƙanƙame hannun kujera tana karanto duk addu'ar da ta sani.

Suka isa, sai ga rana. Ba rana kaɗan ba, irin ta cikin littafin talla, tarwai, teku yana walƙiya ta ko'ina. Ma'aikatan otal ɗin suka tarbe su da tawul mai sanyi suna taya su murna. Mai kula da ɗakinsu, wani dattijo mai fara'a, ya ce su masu sa'a ne, an yi mako biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, jiya-jiya ya ɗauke. Uwar Tsari ta ji kamar ta shaƙe shi.

Komai yana nan yadda aka faɗa. Gado kamar fili, gilashi a tsakar ɗaki, kifaye masu launi suna kai da kawo. Umma ta kwanta rub da ciki tana ƙirga su tana ba su sunayen maƙwabta. Baba kuwa ya fito baranda da baƙin tabarau, ya kare fuska da hannu, hawaye na zubo masa saboda haske.

"Masha Allah," ya ce. "Da kyau ƙwarai."

Bangon ɗakin maƙwabta yake fuskanta lokacin da ya faɗi haka. Uwar Tsari ta kama kafaɗarsa ta juya shi wajen teku. Ya sake cewa masha Allah, ya nemi a mayar da shi ciki a saki labule.

Kwana ɗaya, kwana biyu, rana ba ta ko ƙifta ba. Matar da ta yi niyyar biyan ninki biyu don ta sayi rana, ga ta an ba ta kyauta tana neman inda za ta kai ta. Ba ta iya cin abincin da ake jera musu. Minti-minti tana duba hasashen yanayi a waya, wayar tana nuna mata ƙwallon rana har ƙarshen mako. Tsoro ya cika ta: ta kawo shi har nan, ta makara da mako ɗaya, zai koma gida bai ga komai ba sai fari.

"Me wayar ta ce?" Baba ya tambaya daga kan gado a rana ta uku, bayan azahar.

"Ta ce babu ruwa, Baba."

"Wayar ta taɓa aiki a ofishinmu?"

"A'a."

"To ajiye ta. Buɗe min ƙofar nan."

Ta zuge ƙofar baranda. Ya zauna a bakin gado ya miƙa fuska waje yana shaƙar iska. Ita ba ta ji komai ba sai zafi. Can ya ce iskar ta juya, tun safe daga hagu take zuwa, yanzu ta koma dama, kuma ta yi nauyi. Ya ce a fitar masa da kujera, a ɗauko rigar ruwan da ba ta yoyo, a kawo masa kofin gilashin banɗaki, mai miƙaƙƙen jiki, ba mai faɗin baki ba.

Wajen la'asar ƙasan sama ya fara baƙi daga can nesa. Hasken ya ragu kaɗan-kaɗan, walƙiyar tekun ta mutu, shuɗin ya koma toka-toka. Baƙin da ke kwance a bakin yashi suka fara naɗe tawul suna tsaki. Ma'aikata suka bi lema suna rufewa. Mai kula da ɗakinsu ya zo da gudu yana ba da haƙuri, ya tarar da tsoho zaune a baranda cikin rigar ruwa, ya koma da haƙurinsa.

Baba ya cire baƙin tabarau ya miƙa wa Umma. Ya ƙifta ido sau biyu, sau uku. Sannan ya miƙe tsaye ya kama ƙarfen baranda.

"Ga shi can," ya ce.

Wannan karon daidai wurin yake nunawa. Hadarin ya taso daga cikin tekun kansa, ƙasansa a haɗe da ruwa, kansa ya kai inda ido ba ya kaiwa. A ƙarƙashinsa ruwan sama yana sauka, baƙi, a tsaye, yana tahowa wajensu.

"Kin ga inda ya haɗe da teku? Kin ga gefen can da ya fi duhu? Nan ne ya fi ƙarfi. Kai! Kai! Dubi girmansa!" Muryarsa ta koma ta saurayi. "Shekara arba'in ina tarar sa a gwangwani, cokali-cokali. Ashe haka yake a gidansu."

"Kana gani, Malam?" Umma ta tambaya.

"Ina gani mana. Har layin da yake ja a kan teku ina gani. Nan da minti shida zai iso."

Uwar Tsari ta duba agogo, don hali ba ya barin mai shi ko a irin wannan lokaci. Minti bakwai ya yi. Ya iso da ƙara, ya daki rufi, ya daki baranda, ya jiƙa su sharkaf su ukun, babu wanda ya motsa. Baba ya sunkuya ya ajiye kofin a fili inda babu abin da ya kare shi, ya koma ya riƙe ƙarfensa. Kallo kawai yake yi, har ruwan ya wuce ta kansu ya nufi bayan tsibirin.

Da ya tsagaita, ya laluba aljihun rigar ruwan ya zaro ƙaramar rula ta ƙarfe. Ashe da ita ya taho. Umma ta shiga ta ɗauko littafin ma'aunin daga ƙasan jakarta, wanda ba ya cikin takardar da aka manna.

"Uwata, zo ki karanta. Uwarki ha'inci take yi."

Ta durƙusa a kan katakon da ya jiƙe, ta tsoma rular a kofi, ta sunkuyar da kai daidai saman ruwan.

"Ƙasan lanƙwasar," ya ce.

"Na sani, Baba. Ashirin da uku."

"A kofin banɗaki ba za a ce daidai ba ne, amma rubuta. Ki sa alama a gefe."

Ta buɗe sabon shafi ta rubuta kwanan wata da lambar. Lambobin suka hau layi suka sauka. Da ta ɗago, sai ta ga ita yake kallo, ba gefenta ba, ba saman kanta ba, cikin idonta. Gari a lumshe yake har yanzu. Ya daɗe yana kallonta kamar mai haddace wani abu.

"Baba, ka yafe min," ta ce. "Saura kaɗan in..."

"Ashe kin yi kama da uwata har haka," ya ce. Ya kai babban yatsa ya share mata ƙasan ido. "Wannan kuma ba na sama ba ne. Kada ki sa shi a littafi."

Umma ta ce su dai su shigo haka nan kafin mura ta kama su, ita ba ta zo tsibiri jinya ba. Baba ya ce su shiga, yana zuwa. Ya zubar da ruwan kofin, ya mayar da shi inda yake, ya gyara kujerarsa ta fuskanci teku, don akwai wani hadarin yana haɗowa daga dama kuma da sauran haske.